Bibiron ba ya sauke wa uba nauyin da Allah ya ɗora masa

Ya jama'ar masallaci, maganar yau da ku magidanta nake yin ta, iyaye mata kuma su saurara.

Wata ɗabi'a ta shigo Filinge, tana bin garuruwan Kurfai sannu a hankali. Mace ta haihu, ba a yi arba'in ba sai ga maigida da gwangwanin madara da kwalba daga Yamai, wai nonon matarsa ba ya isa. Ka tambaye shi abin da mai jegon ta ci tun safe, sai ya yi shiru. Kuɗin gwangwanin nan da ya sayi hatsi da wake da ɗan nama da su, da ya ga bambanci.

Ku koma Suratul Baƙara, aya ta 233. A nan Allah ya ambaci shayarwa ta shekara 2 cikakku ga mai son cikawa, kuma cikin ayar nan ɗaya ya ɗora ci da tufafin mai shayarwa a wuyan uba. Wasunku sun haddace rabin farko don su yi wa mata wa'azi, rabi na biyu kuwa sun bar shi cikin allo. Har matar da aka saki, Suratuɗ Ɗalaƙ, aya ta 6, ta ce a biya ta idan ta shayar. Balle wadda ke ɗakinka?

Ban ce madarar gwangwani haramun ce ba. Maraya da uwarsa ta rasu wurin haihuwa, ko wanda likita ya hana a ba shi nono, rahama ce gare su. Amma ku dubi yadda muke yi da ita. Madara ta yi tsada, sai a ƙara ruwa don ta kai ƙarshen wata. Ruwan na rijiya ne, ba a tafasa shi ba. Kwalba ta wuni cikin zafin bazara da sauran madara, ƙudaje na bi. Daga nan sai gudawa, sai rama, sai a ce kambun baka ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce nonon uwa zalla har wata 6, ko ruwa ba a ƙarawa, kuma dakashin farko da wasu tsofaffinmu ke zubarwa kariya ce ga jariri.

Wanda lalura ta tilasta masa, ya tafasa ruwa da kwalba, ya auna yadda aka rubuta, abin da ya rage a zubar. A rungumi yaro, kansa ya fi cikinsa tsawo. Kada a tokare kwalba da zane a bar shi kwance a tafi daka, zai iya ƙwarewa ba mai gani. In ya sha, a ɗora shi a kafaɗa a riƙa bubbuga bayansa a hankali har ya yi gyatsa. Wannan, malam, hannunka ma zai iya, ba ya karya alwala.

Saura mas'ala ɗaya da ake sakaci da ita. Idan maƙwabciya ta tatsi nononta cikin kwalba aka ba ɗanka kafin ya cika shekara 2, a mazhabar Imamu Malik ya zama ɗanta na shayarwa ko da kurɓi ɗaya ne, 'ya'yanta kuma sun haramta gare shi da aure. Duk wanda hakan ta faru a gidansa, ya sanar da dangi biyu, ya zo bayan sallar la'asar mu rubuta sunayen.