Fasfo ba kayan ajiya a jaka ɗaya ba ne

Jama'a, akwai wata ɗabi'a da nake so mu duba. Duk lokacin da yaranmu za su fita karatu waje a tawaga, sai jagora ya ce kowa ya kawo fasfo, a zuba a jaka ɗaya. Ɗan yayana daga Tudun Wada ya ba ni labari: sun sauka a otal, jagoransu ya miƙa fasfo ɗinsu gaba ɗaya a wajen karɓar baƙi, da asuba za su kama jirgi, mai makullin ma'ajiyar bai zo ba. Da ƙyar suka samu jirgin.

Na san jagora ba mugunta yake nufi ba, tsoro yake kar yaro ya yar. To amma waɗannan ba 'yan firamare ba ne. Ɗalibai 1,001 da gwamnatin Kano ta ɗauki nauyinsu a 2023 zuwa Indiya da Uganda, digiri na biyu suka je yi. In mutum ɗaya ya yar da nasa, shi kaɗai ya shiga uku. In jakar jagora ta ɓata fa?

Mu tuna Sudan. Ranar 15 ga Afrilu 2023 yaƙi ya ɓarke a Khartoum, ɗalibanmu suka kwana da kwanaki a kan iyakar Masar. A irin wannan rana ba ka da lokacin neman wanda ya ajiye maka takarda.

Ga kuma tsada. Tun Satumban 2025, fasfo mai shafi 32 naira 100,000 ne. Uban da ya sayar da masara a Doguwa, ko ya taso daga Kiru da Bebeji ya yi ta zirga-zirga zuwa Farm Centre, shi ya san zafin wannan kuɗi. In ya ɓata kuma, sai rahoton 'yan sanda da takardar rantsuwa ta kotu.

Shawarata: kowa ya riƙe nasa, a ƙaramar jaka cikin riga. Otal su duba, su ɗauki kwafi, su mayar nan take. Jagora ya riƙe kwafi kawai. A ɗauki hoton shafin farko da na biza a tura wa gida ta WhatsApp.

Iyaye, kafin ku yi musu addu'ar tafiya, ku tambaya: fasfon yana hannun wa? In kunne ya ji, jiki ya tsira.

Allah ya kai su lafiya, ya dawo mana da su lafiya.