Buɗaɗɗiyar wasiƙa zuwa ga Magajin Garin Garwa

Ranka ya daɗe,

Ina roƙon alfarma a madadin tsofaffin ofisoshin gwamnati na garin nan da ɗakunan ajiyar kaya na tashar jirgin ruwa a bakin Binuwai.

Jamusawa sun kafa sansani a Garwa a 1901, sojojin Ingila da Faransa suka ƙwace shi a watan Yunin 1915. Ba kewar mulkin mallaka nake yi ba, Allah ya kiyaye. Amma kakanninmu ne suka ɗauki dutse da yashi aka yi gine-ginen zamanin Turawa, nan aka rubuta harajinsu, nan aka auna gyaɗarsu da audugarsu kafin jirgi ya gangara da su Najeriya in damina ta cika kogi.

A dubi ginin kansa: bango mai kauri, rufi can sama, baranda ta tare rana kafin ta taɓa ɗaki. A watan Afrilu, zafi ya haura digiri 40, magatakarda yana iya aiki a ciki ba na'urar sanyaya ɗaki. Ofishin gilashi na yau kuwa, ana ɗauke wuta sai kowa ya koma gindin bishiya.

Kano ta mayar da Gidan Ɗan Hausa, tsohon gidan wani jami'in mulkin mallaka, wurin adana tarihi. Mu ma a fara da ƙidaya: a rubuta kowane gini da shekarunsa, a gyara rufin da ke yoyo, kuma kada a ba da izinin rushe ko ɗaya sai an shawarci fadar Lamiɗo da Ma'aikatar Al'adu.

Allah ya ja zamaninka.

Naka,
Wani ɗan Garwa