Zari-rugar 'Yan Bakwai a Jami'o'in Amurka: Fa'idodi da Illoli

Zari-ruga na 'yan bakwai-bakwai ya samo asali ne a garin Melrose na Sukotlan a 1883, inda wani mahauci, Ned Haig, ya kawo shawarar a rage 'yan wasa daga 15 zuwa 7 don kulob ɗinsu ya tara kuɗi a gasar yini ɗaya. Girman fili yana nan yadda yake, amma minti 7 ake yi kafin hutun rabin lokaci, a ƙara 7 bayansa. A jami'o'in Amurka wasan bai yi tashe ba sai bayan 2009, da aka amince ya shiga gasar Olamfik ta 2016. A 2010 aka fara gasar Collegiate Rugby Championship a Columbus, tashar NBC ta nuna ta, Jami'ar Utah ta doke ta California a wasan ƙarshe. Ga abin da 'yan wasan da suka biyo wannan hanya suka samu, da abin da ya rage.

Fa'idodi

Ta farko, an samu tsani daga aji zuwa ƙungiyar ƙasa. Dartmouth, makarantar da an fi saninta da karatu fiye da wasanni, ta ci gasar a 2011 da 2012 ƙarƙashin koci Alex Magleby, wanda daga bisani aka damƙa masa ƙungiyar ƙasa. Ɗalibinsa Madison Hughes shi ne kyaftin ɗin Amurka a Olamfik ta 2016 a Rio. California ta koci Jack Clark ta riƙe kofin shekara biyar a jere, daga 2013 zuwa 2017, kuma daga can ɗan wasan ƙungiyar ƙasa Danny Barrett ya fito.

Ta biyu ta fi nauyi, domin ta shafi mata. Wasa ne da ake iya shiga a makare, muddin akwai gudu da ƙarfin hali. Naya Tapper 'yar tsere ce, sai da ta shiga Jami'ar North Carolina ta fara taɓa ƙwallon. Cheta Emba, wadda iyayenta 'yan Najeriya ne, mai tsaron raga ce a ƙwallon ƙafa a Harvard kafin ta sauya sheƙa, har ta je Olamfik na Tokiyo. Ilona Maher ta karanci aikin jinya a Quinnipiac tana wasa. A Olamfik na Faris, a 2024, matan Amurka sun doke Ostireliya da ci 14 da 12 suka karɓi tagulla. Alex Sedrick, wadda ta yi Jami'ar Life, ita ta keta fili a daƙiƙun ƙarshe. Bayan wannan nasara attajira Michele Kang ta yi alƙawarin ba ƙungiyar dala miliyan 4.

Akwai kuma sauƙin kafawa. Ƙaramar makaranta da ba za ta iya tara mutum 30 ba tana iya haɗa 12, a kammala gasa cikin kwana biyu. Ɗan wasan kuma yana fita da digiri, abin da ba a rainawa a sana'ar da albashinta bai taka kara ya karya ba.

Illoli

Adalci ya buƙaci a tambayi ko jami'o'in ne suka ƙera waɗannan taurari. Wasu e, wasu a'a. Hughes a Ingila ya tashi, ya zo da wasansa a hannu. Perry Baker, wanda aka zaɓa gwarzon duniya a 2017 da 2018, ƙwallon Amurka ya buga a Fairmont State. Carlin Isles ɗan tsere ne a Ashland, sai 2012 ya koma zari-ruga. Kofunan da Maher ta ci a Quinnipiac ma na 'yan 15 ne. Ke nan wani kaso na yabon da ake yi wa gasar jami'o'i na wasu wasannin ne da suka raini waɗannan mutane.

Sai batun kuɗi da matsayi. Hukumar NCAA mai kula da wasannin jami'o'i ba ta ɗauki zari-rugar maza ba. Na mata kuwa ta sa shi a jerin wasanni masu tasowa tun 2002. A mafi yawan makarantu kulob ne na ɗalibai, su biya kuɗin mota da masauki daga aljihunsu. 'Yan ƙalilan irin su Lindenwood, wadda ta ci gasar a 2018 da 2019, da Life, suna ba da tallafin karatu da cikakkun masu horarwa. In aka haɗa su da kulob ɗin da ke atisaye sau biyu a mako, an san inda kofin zai tafi. Masu kare tsarin suna cewa haka kowane wasa ke farawa, kuma akwai ƙamshin gaskiya a ciki.

Shugabanci ma ya yi tangal-tangal. Hukumar zari-ruga ta ƙasa, USA Rugby, ta bayyana karyewar tattalin arziki a 2020, jami'o'i suka rarrabu tsakanin ƙungiyoyi daban-daban, kowacce da gasarta. Ɗalibi na iya cin kofin da ake kira na ƙasa ba tare da ya kara da wasu manyan abokan hamayyarsa ba, mai kallo kuma ya rasa wanda zai kira zakara.

Jiki ma yana biyan nasa. Fili mai faɗi da mutum bakwai na nufin ana yin karo ne a guje, kuma ana iya buga wasa uku a yini. Buguwar kai da raunin kafaɗa da gwiwa sanannu ne. Haɗarin ya fi yawa ga sabon shiga, wanda ya iya gudu amma bai koyi yadda ake kayar da mutum ko yadda ake faɗuwa ba, wato irin ɗalibin da sauƙin shigar wasan ke jawowa. Manyan makarantu suna da likitoci a bakin fili. Ƙananan kulob sau da yawa ba su da ko mai duba rauni a lokacin atisaye.