Zanen da Bai Yi Kama da Komai Ba

A yawancin azuzuwanmu, yaro ya zana akuya muka gane akuya ce, ya ci maki. Ya cika takarda da layuka da launuka, mu ce ɓarna ya yi. Wannan ma'auni yana bukatar gyara.

El Anatsui, ɗan Gana da ya fara koyarwa a Jami'ar Nsukka a 1975, da marafan kwalabe yake aiki. Mataimakansa su bubbuge su, su huda, su ɗinke da wayar jan ƙarfe, har dubbansu su zama faffaɗan mayafi mai sheƙi da ake ratayewa a bango. Ba hoton mutum a ciki, ba na dabba. Hatta yadda zai lanƙwashe a jikin bango, ya bar wa masu rataye shi. A 2015 baje kolin fasaha na Venice ya ba shi babbar lambar girmamawa.

Mu kuwa wannan ba baƙon abu ba ne. Aska takwas a gaban babbar riga, adon magina a bangayen Zariya, zanen ƙwarya: duk tsari ne da daidaito, kuma ba wanda ya taɓa tambayar magini hoton mene ne ya yi.

Amma da jarrabawa ta matso, darasin fasaha ake fara yankewa, a ce ai babu kayan aiki. Marafai, kwali da yumɓu dai ba su ƙare a unguwanninmu ba. Muna roƙon shugabannin makarantu su bar mana wannan darasi a jadawali, mu kuma mu riƙa tambayar yaro dalilin da ya sa ja kusa da baƙi kafin mu ɗaga jan biro.