Sharhi: Ciro Kayan Matattun Na'urori da Haɗarin Gubar Dalma

Wasu matasa 'yan gwangwan kan gasa allunan cikin matattun rediyo da talabijin a kan garwashi, domin narkar da dalmar da ke riƙe da ƙananan kayan da masu gyara ke saye. Sana'ar tana kawo taro da sisi, amma ƙurar dalmar tana zama a tsakar gida, inda yara ke rarrafe.

A shekarar 2010, irin wannan guba, daga duwatsun zinariya da aka riƙa dakawa cikin gidaje, ta hallaka yara kimanin 400 a Jihar Zamfara.

Hana sana'ar ba mafita ba ne. Wajibi ne ƙananan hukumomi da dagatai su keɓe mata fili nesa da gidaje da rijiyoyi, masu ita kuma su wanke jiki, su sauya tufafi kafin komawa gida.