Sukuwar Mota a Cikin Akwati

A da mutanen Kaduna sukan taru a filin sukuwa, inda yanzu ake kira Dandalin Murtala, don kallon dawaki. Yau kuwa samari sun koma shagunan wasa, suna tseren mota a akwatin talabijin.

Mai cewa gudu ne daɗin abin bai fahimta ba. Wasan Gran Turismo, wanda kamfanin Sony ya fitar a 1997, yana kwaikwayon mota ta gaskiya: nauyinta, da ƙugin injinta, da santsin taya. Yaron da bai taka birki kafin kwana ba, sai ya saki hanya, na baya su wuce shi. Ashe daɗin yana ga gwaninta, ita kuwa ba ta samuwa sai da haƙuri da maimaitawa, kamar hadda.

Tsere ba aibi ba ne, gama ya tabbata Annabi, tsira da aminci su tabbata a gare shi, ya sa an yi tseren dawaki a Madina. Aibin biyu ne: sharaɗin cewa wanda aka kayar shi zai biya kuɗin wasa, wannan caca ce, sai kuma zama har salla ta wuce. Ya kamata masu shago su karɓi kuɗin kowa daidai, su kashe akwati in ladan ya kira. Allah Ya sa a gane, amin.