Ƙin Shiga Dambe Ba Ragwanci Ba Ne

Akwai wata al'ada da ta yi kaka-gida a garuruwanmu. Idan kaka ta yi aka saki kalangu, duk saurayin da ya ƙi ɗaure hannu ya shiga fage sai a kira shi rago, har 'yammata su sa shi a waƙa. Mu kam muna cikin masu gudun irin wannan gasa, kuma ba ma jin kunyar faɗa.

Hujjarmu a fili take. Naushi a kai yana girgiza ƙwaƙwalwa, kuma illarsa kan bayyana bayan shekaru. A 1982 ɗan damben Koriya ta Kudu, Kim Duk-koo, ya mutu 'yan kwanaki bayan karawarsa da Ray Mancini a Amurka, har hukumar WBC ta rage turmi daga 15 zuwa 12. A 1987 kuma Majalisar Fiƙihu ta Rabiɗa da ke Makka ta haramta damben zamani saboda cutarwar da ke cikinsa. To, ina ga namu, da ake naɗe hannu da igiya?

Sai dai kada malalaci ya fake da wannan. Manzon Allah (S.A.W.) ya yi tsere da Nana A'isha, ya shirya sukuwar dawaki, ya kwaɗaitar da harbin kibiya. Motsa jiki abin so ne. Sayar da lafiya don kirari shi ne wauta.

Saboda haka muna kira ga iyaye da su daina goranta wa yaron da ya kiyaye amanar jikinsa. Allah Ya sa mu dace.